Magana tana tayarwa, tana kuma kayarwa: batun ipnoz da 'yan matanmu da ke faɗuwa a aji



Makon jiya aka turo mini wani talla ta WhatsApp. Wani saurayi ne cikin kwat, ya kira kansa "koc" kuma masanin ipnoz, ya ce ta intanet ya yi karatunsa. Ya jero abubuwan da yake warkarwa: shan tramol, taba, farfaɗiya, rashin haihuwa, tsoron jarrabawa, har da mantar da mutum tsohuwar soyayya. Zama ɗaya jika goma sha biyar. A zauren da aka turo tallan mutane suka rabu biyu. Wasu suna neman lambarsa. Wasu suna a'uzubillahi, suna cewa boka ne ya sa kwat.

Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Kuma ba don son gardama nake faɗa ba. Abin ya taɓa shiga gidanmu.

Shekarun baya, ƙanwata tana aji uku na kolej a nan Damagaram, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke sa ƙarfen tebur ya ƙona hannu. Wata yarinya a ajinsu ta ƙwalla ihu ta faɗi. Kafin a ɗauke ta, ta biyu ta faɗi. Ƙanwata ce ta huɗu. Mushe ya fita da gudu, aka tashi makaranta, gari ya ɗauka cewa aljanu sun shiga kolej. Ku da kuka yi makaranta a Nijar kun san sunan da jaridu da rediyo suka ba abin: "génie tchatcheur", aljani mai surutu. Inna ta kai ta wurin wani mai magani da aka yi mata kwatance. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba. Abin da na gani da idona shi ne an rufe ɗaki, an turnuƙe ta da hayaƙi, ana tsula mata bulala a tafin ƙafa ana cewa "faɗi sunanka!" Tana cewa ita ce, ana ƙara mata. Sai da ta ƙirƙiro wani suna da wata murya aka ƙyale ta. Da daddare ta ce mini, "Yaya, wallahi ban san sunan daga ina ya zo ba. Na dai ga sai na faɗi wani abu za su bar ni."

Wannan maganar ta daɗe tana cina. Ita ce ta sa da na shiga jami'a, duk da ba likitanci na karanta ba, na riƙa neman duk abin da aka rubuta kan yadda magana ke aiki a jikin mutum. A nan na ci karo da ipnoz, kuma na gane cewa abin da Turawa suka yi shekara fiye da ɗari biyu suna nazari a kai, mu muna cikinsa tsamo-tsamo ba mu sa masa suna ba.

To mene ne shi?

Ipnoz yanayi ne da hankalin mutum ke tattaruwa wuri ɗaya har abin da ke kewaye da shi ya ja baya, kuma a cikin wannan yanayi maganar da aka shuka masa takan kama fiye da yadda ta saba. Shi ke nan. Ba barci ba ne, duk da sunan daga kalmar barci ta Girkanci aka samo shi. Mutum yana jin abin da ake faɗa, yana iya buɗe ido ya tashi ya tafi in ya ga dama. Kowa cikinmu ya taɓa leƙa bakin wannan yanayi. Ɗan kabu-kabu da ya taso daga kasuwar Dole ya iso Birni, ka tambaye shi ta ina ya bi ya kasa tunawa, alhali bai buge kowa ba. Mai sauraren kokowa a rediyo da ake ta kiransa bai ji ba, har shayin hannunsa ya huce. Yaron da ya faɗi ya kuje gwiwa, uwarsa ta hura masa ta ce "ya wuce, ya wuce", kuka ya tsaya cak, ciwon kuwa yana nan.

Mai yin magani da ipnoz wannan yanayin yake jawowa da gangan. Yakan zaunar da mutum, ya yi masa bayanin abin da za a yi, ya nemi yardarsa. Sai ya sa shi ya tsayar da ido a wuri ɗaya ko ya bi numfashinsa, yana masa magana a hankali, yana maimaitawa. In hankali ya tattaru, sai ya fara shuka maganar da ake buƙata: hannunka yana yin sanyi kamar ka tsoma shi cikin randa, zafin yana raguwa kamar ana rage muryar rediyo, kana zaune a wurin da ka fi samun natsuwa. Daga ƙarshe ya dawo da shi a hankali. Na kirki kuma yakan koya wa mutum yadda zai yi wa kansa a gida, don kada ya dogara da shi har abada. Mutane sun bambanta: a jami'ar Stanford ta Amurka aka tsara ma'aunin gwada wannan tun 1959, kuma abin da aka yi ta samu shi ne kaɗan ne ke nutsewa sosai, kaɗan ne abin ba ya kama su ko kusa, yawancinmu muna tsakiya.

Yanzu ku ba ni dama in ja ku baya zuwa Faransa, don akwai wani labari da nake so kowane direktan makaranta a jihar Damagaram ya sani.

Wani likita Bajamushe, Franz Anton Mesmer, ya iso Paris a 1778 da da'awar cewa akwai wani ƙarfi da ba a gani, kamar na maganaɗisu, da ke gudana a jikin mutum, kuma shi yana iya sarrafa shi. Mutane suka yi ta tururuwa. Yana zaunar da su kewaye da wani babban baho mai sandunan ƙarfe, ana kiɗa, yana shafa su. Sai su fara rawar jiki, su yi ihu, su suma, ɗaya ta faɗi ta kusa da ita ta bi ta. Kun ji kamar kun san wannan hoton ko? Abin ya yi yawa har Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike a 1784, cikinsa akwai Benjamin Franklin da Lavoisier masanin sinadarai. Ga abin da suka yi. A lambun gidan Franklin, wani almajirin Mesmer mai suna Deslon ya "zuba ƙarfin" a jikin bishiya ɗaya. Aka kawo wani yaro ɗan shekara 12, aka ɗaure masa ido, aka riƙa kai shi jikin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya fara jin abu, yana ƙaruwa, har ya suma, a gindin bishiyar da ba a taɓa ta ba. Kwamitin ya yanke cewa babu wani ƙarfin maganaɗisu. Abin da ke aiki shi ne tunanin mutum da abin da yake tsammani, da kuma kwaikwayon na kusa da shi.

Ku lura fa: yaron ba ƙarya yake ba. Ya suma da gaske. Jikinsa ya amsa abin da zuciyarsa ta gaskata. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka kasa riƙewa. A wurinmu hanya biyu ce kawai: ko aljani ne, ko yarinyar tana wasan kwaikwayo don ta guje wa jarrabawa. In aljani ne a dake shi a jikinta, in ƙarya ce a dake ta. Ko ta ina aka bi, bulala na jiran ta. Alhali akwai hanya ta uku, wadda aka sani tun 1784: tsoro da gajiya da abin da aka ji ana faɗa suna iya kayar da mutum da gaske, kuma suna yaɗuwa daga ido zuwa ido.

Ba a Nijar aka fara ba. A 1962, a wata makarantar 'yan mata ta mishan da ke Kashasha a ƙasar Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, dariya da kuka suka kama ɗalibai har aka rufe makarantar, abin ya bi su ƙauyukansu. A 2011, a wani ƙaramin gari mai suna Le Roy a jihar New York, 'yan matan sakandare suka kama fizge-fizgen jiki ɗaya bayan ɗaya, aka gwada ruwa da ƙasa da iska ba a samu guba ba. A nan gida kuma Adeline Masquelier, mai nazarin al'adu da ta daɗe tana aiki a Dogon Dutsi, ta yi rubutu kan 'yan matan makarantunmu da ke faɗuwa. Ko'ina ka duba, fuskar abin ɗaya ce: 'yan mata matasa, wuri mai matsi, nauyi a zuciya da babu inda za a sauke shi. Ku dubi yarinyarmu. Ta tashi kafin asuba ta ɗebo ruwa, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa. Ta tafi aji ba karin kumallo. Su fi saba'in a ɗaki, ko a rumfar zana. A gida ana maganar aurenta, a makaranta ana maganar BEPC, wataƙila ma akwai wani babba da ke takura mata ba ta isa ta faɗa ba. Sannan duk shekara ana gaya mata cewa akwai aljanu a bishiyar bayan aji. Wace magana ce aka shuka mata? Mu ne muka yi mata ipnoz, mu duka, ba tare da mun sani ba, sannan muka kai ta a dake ta.

Na san abin da wasu suka fara rubutawa a ƙasa tun kafin su ƙarasa karatu: wannan ɗan boko ya ƙaryata aljanu. A'a. Ni Musulmi ne, akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu. Ban hana kowa addu'a ba, ban hana a yi wa mara lafiya karatu ba. Ni ma an yi mini, kuma na samu natsuwa. Abin da nake cewa shi ne imani da samuwar aljanu bai wajabta mini in yarda cewa duk wanda ya faɗi aljani ne ya kayar da shi ba. Farfaɗiya tana kayarwa. Sanƙarau, da muka sha fama da shi a jihar nan, yana sa fizge-fizge da sambatu. Masassarar sauro in ta hau kai haka. Ƙarancin jini da yunwa da zafin Afrilu suna kayarwa. Duk ranar da aka ɓata a ɗakin hayaƙi da yaro mai sanƙarau, rana ce da aka ba mutuwa. Kuma wanda ya ce bulala tana cikin ruƙiyya, ya zo ya gaya mini: in aljanin yake duka, me ya sa ƙafar ƙanwata ce ta kumbura har kwana biyar ba ta sa takalmi ba?

Akwai kuma masu cewa ipnoz ɗin kansa haramun ne, kuma ba daga iska suka ɗauko ba. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya taɓa ba da fatawar haramta abin da Larabawa ke kira tanwimul magnaɗisi, bisa cewa wani nau'in bokanci ne da ake amfani da aljani a sa mutum ya faɗi abin da ke ɓoye. In haka abin yake, ni ma ina bayan haramcin. Amma ku duba sunan Larabcin kansa: maganaɗisun Mesmer ne har yau yake ɗauke da shi, wanda aka rushe tun a lambun Franklin. Likitocin da suka zo daga baya sun raba abin da wannan tatsuniya. James Braid, likitan fiɗa ɗan Scotland da ke aiki a Manchester, ya kalli wani mai nuna wannan wasa a 1841, ya koma gida ya gwada, ya gano cewa tsayar da ido da tattara hankali kaɗai sun isa, babu wani ƙarfi da ke fita daga hannun kowa. Littafinsa ya fito a 1843. Bayansa Hippolyte Bernheim a garin Nancy ya nuna cewa jigon abin shi ne shuka magana. Ba kiran wani, ba yanka, ba neman sanin gaibu. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Roƙona ga malamanmu na Damagaram shi ne su kalli abin da ake yi a asibiti da idonsu kafin su yi hukunci, kada a ba su labarin wani abu daban su yanke a kan wani daban.

Me ake yi a asibitin? A birnin Liège na Beljiyam, wata likitar sa barci mai suna Marie-Elisabeth Faymonville ta fara, tun farkon shekarun 1990, yin amfani da ipnoz a ɗakin fiɗa. Ana yi wa mutum allurar kashe wurin da za a yanka, a ba shi ɗan maganin kwantar da hankali kaɗan, ita kuma tana zaune a kansa tana masa magana har a gama. Da haka aka yi wa dubban mutane aiki, ciki har da na maƙoƙo, ba tare da an sa su dogon barci ba. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a magani tun 1955. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa ga masu ciwon hanjin nan mai murɗa da kumburi wanda aka yi ta magani bai ji ba. A 2015 cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta tattara binciken da aka yi ta fitar da rahoto: akwai shaida cewa yana rage yawan maganin kashe zafi da na kwantar da hankali da ake buƙata lokacin fiɗa, kuma yana taimakawa a wancan ciwon hanjin. Batun barin taba kuwa, rahoton bai samu gamsasshiyar shaida ba.

Ku tsaya a nan ku sake karanta tallan ɗan kwat ɗinmu. Farfaɗiya? Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da ƙwayoyinsa masu arha da ake sha kullum, kuma wanda ya sa mai farfaɗiya ya ajiye maganinsa ya koma "zama", ranar da ya faɗi cikin wuta ko rijiya alhakin yana wuyansa. Rashin haihuwa? Magana ba ta buɗe toshewar mahaifa. Tramol? Duk wanda ya zauna a fada a garin nan ya san yaron da tramol ya kama ba zama ɗaya ke raba su ba. Jiki ne ya saba, barinsa yana buƙatar kulawar likita da dangi da sana'ar da zai riƙe. Wanda ke da taɓin hankali mai tsanani, mai jin muryoyi, shi ma ba a yi masa ipnoz sakaka, yana iya ƙara rikita shi. Takardar da aka samu ta intanet cikin mako biyu ba ta sa mutum ya iya bambance waɗannan. A Faransa kanta sunan "mai magani da ipnoz" ba shi da kariyar doka, kowa na iya buga shi a kati, shi ya sa hukumarsu mai sa ido kan ƙungiyoyin da ke juya tunanin mutane ta sha yin gargaɗi. Abin da ya dame su can, shi ne ake kawo mana nan da farashin jika goma sha biyar, a garin da wannan kuɗin zai ciyar da gida kwanaki.

Akwai haɗari ɗaya da ya fi damuna, don na gan shi a ɗakin hayaƙin nan. Mutumin da hankalinsa ya tattaru, ko ya tsorata, ko ya gaji, yana iya "tuna" abin da bai taɓa faruwa ba in aka yi ta tura shi da tambaya. A Amurka, a shekarun 1980 zuwa 1990, wasu masu jinya suka yi amfani da ipnoz wai don tono abin da aka manta, mutane suka fito da labaran cin zarafi da tsafi da ba su auku ba, iyalai suka watse, aka kai wasu kotu. Saboda irin wannan ne kotuna da yawa can ba sa karɓar shaidar da aka samo ta ipnoz yadda take. Mu kuma a nan? Ana tambayar "aljani": wa ya turo ka? Yarinya a galabaice ta ambaci kishiyar uwarta, ko wata tsohuwa maƙwabciya. Shi ke nan an samu mayya. Gidaje nawa kuka sani da zumunci ya yanke a kan maganar da aka tatsa da bulala? Ba a buƙatar kwat ko Faransanci kafin a shuka wa mutum ƙarya a kai.

Wani abokina da muke gardama ya ce, to ai kakanninmu sun riga Turawa, bori ma ipnoz ne. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Bori tsari ne mai faɗi, da iskokinsa da girkarsa da kiɗan garaya da goge, da zama cikin jama'a. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi sukutum a 1972 kan yadda yake a ƙasar Maraɗi. Ba zan matse shi cikin kalmar Turawa ɗaya ba, kuma ba kira nake a koma masa ba. Abin da na yarda da shi dai shi ne mutanenmu sun daɗe da sanin cewa kiɗa da maimaici da murya suna sauya yanayin mutum. Ungozomar da ke riƙe hannun mai naƙuda tana mata magana ƙasa-ƙasa ta sani. Wanzamin da ke ɗauke hankalin yaro da zance kafin aska ta sauka ya sani. Ilimin yana nan. Abin da babu shi ne wanda zai ce: nan ne iyakar abin da magana ke iyawa, daga nan sai asibiti.

Kuma an taɓa yin wannan haɗin a Afirka, ba mafarki nake ba. Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na Najeriya, ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954: marasa lafiya suna zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Henri Collomb ya yi makamancin haka a asibitin Fann na Dakar. Shekara saba'in ke nan da Aro. Mu har yau in aka ce ciwon hankali sai a tuna Pavillon E na Yamai a yi dariya, kamar wurin zagi ne ba wurin jinya ba. Ga mutanen da suka baro Diffa da Bosso tun hare-haren 2015, wasunsu a cikinmu suke, da abin da suka gani a ƙirjinsu. Ga matasan Kara-Kara da Aicha Macky ta nuna wa duniya a fim ɗinta na 2021. Waɗannan duka suna buƙatar wanda zai saurare su da ilimi. In babu shi, ɗan kwat da mai bulala ne za su raba su tsakaninsu.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ina so mu tattauna shi a ƙungiyance, ba a sharhi kaɗai ba.

Hukumomin lafiya na jiha su fito su faɗa a rediyo, da Hausa da Kanuri, cewa ba wanda ya isa ya yi tallan warkar da farfaɗiya ko taɓin hankali da ipnoz, kuma duk mai son amfani da shi a kan mara lafiya sai ya kasance ma'aikacin lafiya ne tun asali: likita, ma'aikacin jinya, ungozoma ko masanin halayyar ɗan Adam. A ɗaya ɓangaren kuma, ina ganin asara ce a ce ba a koya wa ma'aikatanmu wannan fasaha. Ba ta cin kuɗi, ba ta jiran wutar Nigelec. Yaron da ya ƙone da ruwan zafi da ake wanke masa ciwo kullum yana ihu, mai naƙuda da tsoro ya ƙame ta, wanda za a cire wa haƙori: in ma'aikacin CSI ya iya kwantar da su da magana, kusa da maganin kashe zafi ba a madadinsa ba, an rage azaba. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari, tana horar da ma'aikatan lafiya. Wannan darasi ne da ya dace da ita.

Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da manyan malamanmu su ma suna da abin faɗa, don maganarsu ta fi ta kowane lokotoro shiga gidaje. Jimla ɗaya daga mumbari ranar Juma'a, cewa dukan mara lafiya da sunan cire aljani zalunci ne, za ta ceci ƙafafun yara da yawa. Duka laifi ne a dokar ƙasa ko da wane suna aka yi shi.

Ga malaman makaranta kuwa, ba sai kun jira kowa ba. In yarinya ta faɗi a ajinku gobe, kada mushe ya fita da gudu, don gudunsa shi ne magana ta farko da ake shuka wa sauran. A fitar da ita zuwa inuwa, nesa da idon 'yan ajin. A hana taro, a hana ɗaukar bidiyo. Mace ɗaya mai natsuwa ta zauna kusa da ita, ta kira ta da sunanta, ta gaya mata a hankali cewa tana nan lafiya, ta ja numfashi, abin zai wuce. In tana fizga kada a danne ta, kada a cusa mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe. In akwai zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare, ko fizgar ta wuce minti biyar, ko ba ta dawo hayyacinta ba, asibiti kai tsaye. Ko ta farfaɗo ma a kai ta a duba. Bayan kwana biyu kuma wata ta zauna da ita su biyu, ta tambaye ta abin da ke damunta, ta yi shiru ta saurara.

Ƙanwata wannan tambayar ce ba wanda ya yi mata, har ni. Sai bayan wata uku, muna wanke-wanke a tsakar gida, ta gaya wa Inna cewa tun farkon shekarar ta ji Baba da ƙaninsa suna maganar ba da ita bayan damina, kuma ba ta ƙara yin barcin kirki ba tun ranar. Inna ta ajiye kwanon hannunta ta shiga ɗakin Baba. Ban san abin da suka faɗa ba. An ɗage maganar, ta yi BEPC ɗinta a shekara ta gaba, yanzu tana karatun ungozoma. Na tura mata wannan rubutun kafin in saka shi, ta ce in bar labarin yadda yake, in dai cire sunan unguwar.